Halomonas: Bakteriya Mai Son Gishiri

Me ya sa ake barbaɗa wa ɗanyen kifi gishiri? Domin gishiri yana tsotse ruwan jikin bakteriya, sai su kasa ruɓar da shi. Amma dangin Halomonas, waɗanda masana suka raɗa wa suna a 1980, cikin teku da tafkunan gishiri suke rayuwa. Sukan tara sinadarin ektoyin a jikinsu, shi ke riƙe masu ruwa.

To, ina ruwan Kakuri da wannan? Rinin atamfa yana cin gishiri da yawa, kuma lokacin da masaƙun Kakuri ke tashe, dagwalonsu yakan bi magudanai zuwa Kogin Kaduna. Irin wannan ruwa yakan kassara bakteriyar da aka saba tace dagwalo da ita. Wasu nau'o'in Halomonas kuwa, a cikinsa suke wargaza rinin azo har launinsa ya gushe.