Tun Ran Gini Ran Zane: Zaɓen Launin Fentin Ɗaki

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Magidanci yakan yi shekara biyar ko goma yana tara kuɗin bulo da siminti da kwanon rufi, amma ran da aka zo maganar fenti sai ya ce da mai shafawa, "Sa duk wanda ka ga ya yi kyau." Alhali kuwa da wannan launi iyali za su riƙa buɗe ido kowace safiya har shekaru masu yawa. Saboda haka na ga ya kamata in ɗauko ɗan abin da muka koya a darasin kimiyya in auna wannan magana da shi: shin launi mai haske ya fi dacewa da bangon cikin ɗaki, ko kuwa mai duhu?

Da fari sai mu san mene ne launi. A shekarar 1666 wani masani na ƙasar Ingila, Isaac Newton, ya ratsa hasken rana ta cikin wani gilashi mai kusurwa uku, sai hasken ya rarrabu zuwa launukan bakan gizo. Watau hasken da muke kira fari taron launuka ne. Idan ya faɗi a kan bango, fenti yakan shanye wani sashe, ya mayar da saura zuwa idonmu. Abin da ya mayar shi ne launin da muke gani. Farin fenti yana mayar da wajen kashi 80 cikin 100 na hasken, baƙi kuwa wajen kashi 5 kaɗai. Sauran launuka suna tsakani: ruwan madara da ruwan hoda suna kusa da fari, ruwan makuba da shuɗi mai duhu suna kusa da baƙi.

Wannan lissafi ya shafe mu ɗalibai ƙwarai. A ɗaki mai farin bango, hasken ƙwai guda yakan bugi wannan bango ya koma wancan, har ya cika ko'ina. A ɗaki mai duhun bango kuwa, da ya bugi bango sai ya mutu a nan. Idan aka ɗauke wuta muka koma ga fitila ko tocila, bambancin ya fi fitowa fili. Mai karatu a ɗaki mai duhu zai riƙa matse ido har ya gaji da wuri, maigida kuma zai ƙara ƙwan lantarki, kuɗin wuta ya hau. Ban da wannan, launi mai haske yakan sa ƙaramin ɗaki ya zama kamar ya ƙara faɗi, mai duhu kuwa kamar bangon ya matso.

Sai maganar zafi. Hasken da fenti ya shanye ba ɓacewa yake yi ba, zafi yake komawa. Benjamin Franklin na Amurka ya ba da labari a wata wasiƙa cewa ya shimfiɗa ƙyallaye masu launi iri iri a kan dusar ƙanƙara cikin rana. Baƙin ƙyalle ya fi nutsewa domin ya fi ɗaukar zafi, farin kuwa ya tsaya a sama. Kowa ya taɓa sa baƙar riga a watan Afrilu ya san gaskiyar wannan. Amma a lura, mafi yawan zafin ɗaki daga rufi da bangon waje yake shigowa, don haka farin fenti a ciki ba zai maye gurbin silin da taga ba. Inda launin ciki ya fi tasiri shi ne ɗakin da tagarsa ke duban yamma, wanda ranar la'asar ke faɗawa kan bangonsa. Irin wannan bango, in yana da duhu, zai kwashi zafi ya riƙa sakinsa har bayan lisha.

Akwai kuma sauro. Tun da daɗewa an san yana son maƙalewa a lungu mai duhu. A shekarar 2022 masu bincike a Jami'ar Washington ta Amurka sun gano cewa sauron da ke yaɗa cutar shawara, idan ya shaƙi iskar da muke fitarwa, yakan nufi baƙi da ja da ruwan lemo, ya ƙyale fari da kore. Fenti dai ba maganin sauro ba ne, gidan sauro bai da madadi, amma a farin bango ana saurin ganinsa a kashe.

To, ashe ke nan launi mai duhu ba shi da amfani? A'a, kowane allazi da nasa amanu. Farin bango ba ya rufa asiri: hannun yara, hayaƙin girki, da maiƙon kai inda ake jingina, duk a kansa suke bayyana. Shi ya sa a ajujuwan makarantu da asibitoci da yawa za ku ga an raba bango biyu, ƙasa an shafa fentin mai, mai ɗan duhu, wanda ake gogewa da ruwa da sabulu, sama kuma fentin ruwa mai haske. Wannan dabara ce mai kyau ga zaure da baranda da ɗakin girki. Haka kuma babban falo mai tagogi da yawa zai iya ɗaukar launi mai duhu a bango guda, ya ƙara masa kwarjini. Sai dai shi ma yana da nasa aibi, domin ƙurar hunturu fara-fara ce, a kan bango mai duhu take fi nunawa. Kuma ran da aka gaji da shi aka so komawa fari, sai an shafa sau uku ko fiye kafin ya rufu.

Ga ɗan lissafi da kowane ɗalibi zai iya yi wa mahaifinsa. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, tsayin bangonsa mita 3, yana da bango kimanin murabba'in mita 44. A cire 4 na ƙofa da taga, saura 40. Shafa biyu ya zama 80. Idan lita guda tana rufe wajen murabba'in mita 10, ana bukatar lita 8. Shafa uku kuwa lita 12 ke nan. Ku dubi yadda bokiti mai lita 20 zai isa ɗaki biyu har da saura, ko kuwa ya kasa, gwargwadon zaɓin da aka yi.

Ina kuma roƙon iyayenmu su kula da abu uku. Na ɗaya, kada a yi gaggawa. Sabon filasta yana bukatar aƙalla mako 4 ya bushe, in ba haka ba fentin zai kumbura ya ɓare. Na biyu, gani ya kori ji: a shafa ɗan wuri a bango, a dube shi da safe, da rana, da kuma dare a hasken ƙwai, domin launi yakan fi ƙarfi a bango bisa ga yadda yake a jikin kati. Na uku, a nemi fentin da aka rubuta a gwangwaninsa cewa ba dalma a ciki. An fi samun dalma a fentin mai, musamman rawaya da ja, kuma guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar yara. Amurka ta hana sa ta a fentin gidaje tun shekarar 1978. Mu ma mun ga sharrinta a Zamfara a shekarar 2010, sa'ad da dalma daga aikin haƙar zinariya ta hallaka yara wajen 400. Araha ba ta ado.

Ni dai a ganina, a ƙasa mai zafi irin tamu, launi mai haske shi ya kamata ya mamaye ɗakin kwana da ɗakin karatu da silin, a bar mai duhu ga ƙasan bango da wuraren da hannu ke yawan taɓawa. Wanda fari fat ke kashe masa ido, ga ruwan madara nan ko ruwan toka mai haske. Kakanninmu da suka riƙa shafe ɗakunansu da farar ƙasa ba su ji labarin Newton ba, amma sun san abin da suke yi.

Ina fata duk ɗalibin da ake gini a gidansu zai karanta wa maigida wannan bayani kafin a tafi kasuwa, gama ba a fafe gora ranar tafiya.