Darasi na 14: Karatu a Yamai

Gabatarwa

Idan aka ce "karatu a ƙasar waje", hankalin ɗalibai da yawa yakan tafi Ingila ko Amurka. Amma ƙasar waje tana iya zama maƙwabciya. A wannan darasi za ku ɗauka cewa kun gama sakandare, kun sami gurbin karatu a Yamai, babban birnin Jamhuriyar Nijar. Ku karanta a tsanake, ku lura da abin da baƙon ɗalibi yake koya a wajen aji, da kuma yadda Hausa take taimakonsa.

Jami'a da kogi

Makarantarku ita ce Jami'ar Abdou Moumouni. Da can sunanta Jami'ar Yamai. A shekarar 1992 aka sa mata sunan wannan malami, wanda ya yi fice wajen binciken amfani da hasken rana. Jami'ar tana ƙetaren kogi, saboda haka duk ranar da za ku shiga tsakiyar gari sai kun bi ta kan gada. Tsohuwar gadar birnin ita ce Gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970.

Ku tsaya a kan gadar ku dubi ruwan da kyau, domin kun san shi. Shi ne Kogin Kwara, wanda ake kira Neja a littattafanku. Ya taso daga duwatsun ƙasar Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya shiga Nijeriya. A Lakwaja ya haɗu da Binuwai, ya wuce ta Anaca, sannan ya faɗa teku. Tsawonsa ya haura kilomita 4,000. Ɗalibin da ya fito daga Asaba zai ga cewa ruwan garinsu ne ya tarar a wata ƙasa.

Akwai abin da zai ba ku mamaki. A watan Janairu, lokacin da ba a ruwan sama ko ɗigo, kogin yana cike. Dalili kuwa shi ne, ruwan daminar Gini yakan bazu a manyan fadamun Mali, ya yi watanni yana tafiya a hankali kafin ya iso Yamai. Shi ya sa kogin yake cika sau biyu: da damina, da kuma tsakiyar hunturu. A bakinsa za ku ga masunta cikin kwalekwale, da manoman shinkafa, da masu lambu. Idan masunta suka ce kada ku kusanci wani wuri saboda dorina, ku ji maganarsu. Dorina tana iya kifar da jirgin ruwa.

A kasuwa

A aji za a koyar da ku da Faransanci. A titi kuwa, harsuna biyu za ku fi ji: Zabarmanci da Hausa. Hausa ce harshen da ya fi yawan masu magana a Nijar, kuma a shekarar 2025 hukumomin ƙasar suka ayyana ta a matsayin harshen ƙasa.

Sai dai Hausar da za ku ji ta ɗan bambanta da ta littafinku. Mutane da yawa suna cewa "tahi" maimakon "tafi", da "biyat" maimakon "biyar". Haka kuma sun ari kalmomi daga Faransanci, kamar yadda Hausar Nijeriya ta ara daga Turanci. Makarantar boko ita ce "lakwal", malaminta kuma "mushe". Kada ku ce Hausarsu kuskure ce. Karin harshe ne, kuma kowane babban harshe yana da kare-karensa.

Inda ya kamata ku fi kula shi ne lissafin kuɗi. Kuɗin Nijar sefa ne, amma a kasuwa da "dala" ake ƙirga shi. Dala ɗaya sefa 5 ce. Idan mai tumatir ta ce muku "dala ashirin", sefa 100 take nufi. Dala ɗari sefa 500 ce. Sefa 1,000 kuma ana ce mata "jaka" ko "jikka". Wani lokaci ba a ma ambaton dalar, sai a ce "ashirin" kawai. Baƙon da bai san haka ba zai miƙa kuɗin da bai kai ba, ya ji kunya, ko kuma ya yi zaton an cuce shi alhali ba a cuce shi ba. Idan kun rikice, ku tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

Kafin ciniki, ku fara da gaisuwa. Ku ce wa dattijo "Baba, ina wuni?", ku ce wa dattijuwa "Inna, sannu da aiki." Idan Bazabarme ne, kalmar "fofo" kaɗai za ta sa ya sake muku fuska. Daga nan ku ɗanɗana abincin gari: dambu da zogale, da fura, da kilishi.

Raƙuman dawa na Kure

Kimanin kilomita 60 kudu maso gabas da Yamai akwai wani yanki mai suna Kure. A nan ne raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suka rage. A da suna yawo daga Senegal har zuwa Tafkin Chadi. Farauta da fari da sare itatuwa suka kusa ƙarar da su, har a shekarar 1996 waɗanda suka rage ba su wuce 50 ba. Bayan an hana farautarsu, an kuma haɗa kai da mutanen ƙauyuka, yawansu ya haura 600.

Waɗannan dabbobi ba a cikin shinge suke ba. Suna kiwo ne a tsakanin gonaki da ƙauyuka. Da rani sukan gangara kwari su ci ganyen gawo, itacen da yake fitar da ganye lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. Wani lokaci kuma sukan shiga gona su ci waken manomi. Baƙo yana ganin dabba kyakkyawa, manomi kuwa yana ganin abincin iyalinsa yana raguwa. Wannan ɓangare na labarin ba za ku ji shi ba sai kun zauna da manomin kun saurare shi, kuma sauraro yana buƙatar harshe.

Ku sani cewa a shekarar 2020 'yan bindiga sun kai hari a yankin. Saboda haka kada ku fita irin wannan ziyara sai da izinin hukumomi, tare da ɗan jagora na yankin.

Ɗalibin da ya tsaya tsakanin aji da ɗakin kwana zai dawo gida da takardar shaida. Wanda ya gaida masunci, ya yi ciniki da dala, ya saurari manomi, zai dawo da takardar da kuma sanin mutane. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Hausar da kuke koya yau tana cikin guzurin wannan tafiya.

Ma'anar kalmomi

gurbi: wurin da aka ware wa mutum
ƙetare: ɗaya gefen kogi ko hanya
fadama: ƙasa mai riƙe ruwa
masunci: mai kamun kifi (jam'i: masunta)
dorina: ƙatuwar dabba mai zama cikin kogi
raƙumin dawa: dabbar daji mai dogon wuya da zane a jiki
fari: rashin ruwan sama na tsawon lokaci
guzuri: abin da matafiyi yake tanada domin hanya

Tambayoyi

1. Ku ambaci ƙasashe huɗu da Kogin Kwara ya ratsa.
2. Me ya sa kogin yake cika a Yamai a watan Janairu?
3. Yaya ake cewa "tahi" da "lakwal" a daidaitacciyar Hausa?
4. Sefa nawa ce dala goma? Dala nawa ce sefa 250?
5. Waɗanne abubuwa uku ne suka rage yawan raƙuman dawa?
6. Me ya sa ra'ayin manomi ya bambanta da na baƙo?

Aiki

(a) Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya zama mai sayar da kilishi, ɗaya baƙon ɗalibi. Ku gaisa, ku yi ciniki da dala.
(b) Ku rubuta wa mahaifiyarku wasiƙa mai jimla goma game da makonku na farko a Yamai.