Yadda Ake Tallafa wa Yaron da Aka Ci wa Zarafi ta Waya

Yarinya 'yar aji uku a sakandare, wadda a da gida ba ya shiru in tana nan, ta koma ƙunshe kanta a ɗaki tun magariba. Tuwonta ya kwana a kwano. Waya na yin ƙara sai ta zabura ta kife ta a kan katifa. A gidaje da yawa sai a ce samari ne, ko a ce iska ce ta taɓa ta. Ba kasafai ake kawo cewa hotonta ne ke yawo a guruf ɗin WhatsApp na 'yan ajinsu ba.

Abu na farko, kada a ƙwace wayar. Tsoron ƙwacewar ne ke sa yara yin gum. A nemo wanda take sakewa da shi, domin 'yar fari da wuya ta buɗe baki gaban uwarta. Goggo ko kaka sun fi dacewa. Ana tsintar wake, ba tare da an tsare ta da ido ba, goggo ta ce, "'Yata, wani ya ɓata miki rai a waya ne?" Tambayar "me ya kai ki?" kuwa toshe bakin take yi.

Daga nan sai shaida. Kafin a goge komai, a ɗauki hoton saƙonnin, da lambar mai turo su, da sunan asusun, da kwanan wata. Hoton tsiraici dai ba a adana shi, ba a tura wa kowa. Sannan a toshe mutumin, a kai ƙorafi a cikin manhajar.

In ana neman kuɗi da barazanar watsa hoto, ko sisi kada a biya. Wanda aka bai wa yau, gobe ma zai dawo. Yara maza ma suna faɗawa wannan tarko sosai. A Yulin 2024 kamfanin Meta ya rufe asusun Instagram kimanin 63,000 daga Najeriya kan wannan damfara. Akwai Take It Down, na wata cibiyar kare yara a Amurka, kyauta ga waɗanda ba su kai shekara 18 ba: yana fitar da lambar shaidar hoton ba tare da hoton ya bar wayar ba, Facebook da Instagram da TikTok su bi lambar su cire shi. A kuma je wa 'yan sanda, domin Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta haramta barazana ta waya.

Wayar ta ci gaba da zama a hannunta, amma wayar ta riƙa kwana a falo. Ta iyaye ma, in za a yi adalci.

Sai a sa ido kan zuciya. Molly Russell, 'yar Landan mai shekara 14, ta rasu a 2017, kuma a 2022 mai binciken musabbabin mutuwa ya ce abubuwan da take kallo a Instagram da Pinterest suna da hannu a ciki. Rashin barci ko ƙin cin abinci da ya kai mako biyu na likita ne, ana addu'a ana zuwa asibiti: akwai na Dawanau a Kano, na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato. In kuwa yarinyar ta ambaci mutuwa, a kai ta a ranar, kada a bar ta ita kaɗai, a kwashe fiya-fiya da maganin ɓera daga gidan.