Babi na Bakwai: Mujallun Masu Sha'awar Ilimin Taurari da Sararin Samaniya

7.1 Gabatarwa

Mujalla iri-iri ce. Akwai ta labaran yau da kullum, akwai ta nishaɗi, akwai kuma wadda ta keɓanta da fanni ɗaya na ilimi. A wannan babi za a dubi wani rukuni daga cikin na ƙarshen, wato mujallun da masu sha'awar taurari da sararin samaniya suke karantawa a kai a kai. Dalilin zaɓen su shi ne, suna ɗauke da misali mai kyau na yadda ake rubuta ilimi mai zurfi cikin harshen da kowa zai gane, ba tare da an tauye gaskiyarsa ba. Wannan kuwa ita ce matsalar da malamin Hausa zai riƙa cin karo da ita a duk lokacin da aka ce ya bayyana wani abu na kimiyya da harshen uwa.

7.2 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya bayyana ma'anar irin waɗannan mujallu, ya kawo taƙaitaccen tarihin fitattu daga cikinsu, ya zayyana tsarinsu, ya kuma faɗi abubuwan da mai karatu a ƙasar Hausa zai kiyaye idan yana amfani da su.

7.3 Ma'ana

Da farko ya kamata a rarrabe abubuwa biyu da Bahaushe kan kira da suna ɗaya. Akwai ilimin taurari na duba, wanda masu yin sa ke da'awar gano ƙaddarar mutum daga taurari. Akwai kuma ilimin falaki, wanda yake nazarin rana da wata da taurari da duniyoyi ta hanyar lura da awo da lissafi. Mujallun da muke magana a kansu na ilimin falaki ne zalla.

Haka kuma sun bambanta da mujallun bincike da masanan jami'o'i suke rubuta wa junansu, waɗanda ke cike da lissafi. Waɗannan an yi su ne domin mutumin da ba sana'arsa ke nan ba: malamin makaranta, ko direba, ko ɗalibi, wanda idan dare ya yi yakan fita da ɗan madubin hangen nesa, ko ma da idonsa kawai, ya dubi sama.

7.4 Taƙaitaccen Tarihi

Daga cikin tsofaffin mujallun akwai L'Astronomie, wadda masanin nan na Faransa, Camille Flammarion, ya kafa a shekarar 1882. A Amurka an yi Popular Astronomy, wadda ta riƙa fita daga Kwalejin Carleton ta jihar Minnesota daga 1893 zuwa 1951.

Wadda ta fi shahara a harshen Ingilishi ita ce Sky & Telescope. An same ta ne a 1941, lokacin da aka haɗe wasu ƙananan mujallu biyu, The Sky da The Telescope, a ƙarƙashin editancin Charles Federer. A 1973 wani matashi mai suna Stephen Walther ya kafa mujallar Astronomy a birnin Milwaukee. Ita ta ba da ƙarfi ga hotuna masu launi da bayani mai sauƙi domin masu fara koyo.

A Birtaniya sunan mutum ɗaya ne ya mamaye fagen, wato Patrick Moore. Shi ne ya gabatar da shirin talabijin na BBC mai suna The Sky at Night tun daga 1957 har zuwa mutuwarsa a 2012. Mujallar Astronomy Now ta fara fita a 1987, sannan a 2005 aka fara buga BBC Sky at Night Magazine, wadda ta ari sunan wancan shiri. Jamusawa suna da Sterne und Weltraum tun 1962, Japanawa kuma suna da Tenmon Guide tun 1965.

Akwai kuma waɗanda suka fi karkata ga kumbo da tauraron ɗan'adam da 'yan sama jannati. Misali shi ne Spaceflight ta Birtaniya, wadda ta fara fita a 1956, shekara ɗaya kafin Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko, a 1957.

7.5 Dalilin Fitarsu a Kai a Kai

Mai tambaya zai iya cewa, tun da taurari ba sa canzawa, me zai hana a rubuta littafi ɗaya a huta? Amsar ita ce, fuskar sama ta wannan wata ba ita ce ta watan gobe ba. Saboda kewayen da duniya take yi wa rana, kowane tauraro yakan fito da wuri da kimanin minti 4 a kowane dare. A wata ɗaya ya zama kusan awa 2 ke nan. Tauraron da ya fito ƙarfe 10 na dare yau, bayan wata ɗaya ƙarfe 8 zai fito. Shi ya sa ake ganin Kaza da 'Ya'yanta a gabas da magariba cikin watan Nuwamba, amma kafin watan Mayu ya ƙare sun ɓuya a cikin hasken rana.

Ban da wannan, wata yakan kammala zagayen surarsa cikin kwana 29 da rabi, duniyoyi kuma kullum suna sauya mazauni a tsakanin taurari. Ga kusufin rana da na wata, ga tauraruwa mai wutsiya da kan bayyana ba zato. Littafi zai iya bayyana dalilan waɗannan abubuwa, amma mujalla ce za ta ce wa mai karatu: a dare kaza, ƙarfe kaza, dubi wuri kaza.

7.6 Tsarin Mujallar

Kusan dukkansu suna bin tsari iri ɗaya, kamar haka:

(a) Labarai: taƙaitaccen bayani kan sababbin binciken masana da tafiye-tafiyen kumbo.

(b) Manyan maƙaloli: bayani mai tsawo kan batu ɗaya, galibi daga alƙalamin masani, bayan editoci sun sauƙaƙa harshensa.

(c) Taswirar sama ta wata: wannan ita ce zuciyar mujallar, kuma yawanci a tsakiya ake sa ta. Da'ira ce mai nuna taurarin da za a gani a watan. Mai lura zai ga cewa idan arewa tana sama, gabas tana hagu ne, saɓanin taswirar ƙasa. Dalili kuwa shi ne, ɗaga ta ake yi bisa kai a karanta.

(d) Jadawalin abubuwan da za su auku: ranar tsayuwar wata da cikarsa, haɗuwar wata da wata duniya, da dararen da ƙananan duwatsun sama ke yawan faɗowa suna ƙonewa a iska, kamar wajen 12 ga Agusta da wajen 14 ga Disamba.

(e) Gwajin kayan aiki: bayani kan madubin hangen nesa da na'urar ɗaukar hoto, nagartarsu da aibinsu.

(f) Filin masu karatu: wasiƙu, tambayoyi, da hotunan da su da kansu suka ɗauka.

7.7 Mai Karatu a Matsayin Abokin Aiki

Babban abin da ya bambanta waɗannan mujallu da sauran na kimiyya shi ne, mai karanta su yana iya gwada abin da aka rubuta a daren ranar. Gani ya kori ji. Bugu da ƙari, yana iya ƙara wa ilimin wani abu, domin sama tana da faɗi, masana kuma ba su da yawan da za su sa ido a ko'ina. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tarihi ya tabbatar da haka. A 1911 William Tyler Olcott, wanda lauya ne, ya jagoranci kafa ƙungiyar AAVSO ta masu lura da taurarin da haskensu ke raguwa yana ƙaruwa, kuma a Popular Astronomy aka riƙa buga rahotannin membobinta. David Levy, wanda ya shekara da shekaru yana rubutu a Sky & Telescope, yana cikin mutum uku da suka gano tauraruwa mai wutsiyar da ta afka wa duniyar Mushtari, wato Jupita, a watan Yulin 1994. A 2009 ma wani ɗan Ostireliya mai sha'awar abin, Anthony Wesley, shi ne ya fara hango tabon wani sabon karo a jikin Mushtari daga gidansa, kafin manyan cibiyoyi su juya na'urorinsu can.

7.8 Harshe da Salo

Marubutan waɗannan mujallu suna da dabaru uku da ya kamata ɗalibi ya lura da su. Ta farko ita ce mayar da babban adadi zuwa abin da hankali zai ɗauka. Maimakon a tsaya ga cewa nisan rana kilomita miliyan 150 ne, sai a ƙara da cewa haskenta yana ɗaukar minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi kafin ya iso gare mu. Ta biyu ita ce awo da jiki: dunƙulen hannu, idan aka miƙe hannun sosai, yana rufe kimanin digiri 10 na sama. Ta uku ita ce bayyana kalmar fannin a wurin da ta fara fitowa. Misali, ma'aunin hasken taurari a juye yake: ƙaramar lamba ita ke nuna haske mai yawa. Taurarin da ido ke gani da ƙyar suna mataki na 6, tauraron Shi'ira, wanda ya fi kowane tauraro haske da dare, yana wajen -1.5, Zara kuma wajen -4.

Sauƙaƙawa tana da nata haɗarin. A fitowar Sky & Telescope ta watan Maris 1946, wani marubuci, James Hugh Pruett, ya yi wa wata tsohuwar kalandar manoma ta jihar Maine mummunar fahimta. Ya rubuta cewa abin da Turawa ke kira shuɗin wata shi ne cikar wata karo na biyu a cikin watan Bature ɗaya, alhali a kalandar manoman yana nufin cika ta uku a zangon shekarar da ya sami cika huɗu. Gidajen rediyo da littattafai suka ɗauka suka yaɗa. Mujallar ta bibiyi asalin kuskuren ta bayyana shi a 1999, amma har yau ma'anar Pruett ce ta fi yawo. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka buga a takarda.

7.9 Karanta Su Daga Ƙasar Hausa

An shirya mafi yawan mujallun nan ne domin mutanen Turai da Amurka, saboda haka akwai abubuwa huɗu da mai karatu a nan zai kiyaye.

Na farko, mazauni. Taswirorin Amurka an zana su ne domin wuraren da ke wajen digiri 35 zuwa 40 arewa da tsakiyar duniya, na Birtaniya kuma sama da 50. Kano tana wajen digiri 12. Ke nan tauraron arewa, wanda Ba'amurke ke gani can sama, a Kano bai wuce dunƙulen hannu ɗaya da ɗan kai daga sararin ƙasa ba. A ɗaya ɓangaren, mu muna ganin taurarin kudu da dama waɗanda ba sa fitowa a taswirarsu ko kaɗan.

Na biyu, lokaci. Ana yawan rubuta shi da agogon GMT. Mutumin Nijeriya da na Nijar zai ƙara awa 1, na Gana kuwa ba zai ƙara komai ba.

Na uku, yanayi. Watan Agusta tsakiyar damina ce a wurinmu, gajimare kan rufe sama, a Disamba kuma hazon hunturu kan dushe taurari.

Na huɗu, kariya. Duk lokacin da kusufin rana ya gabato, kamar cikakken kusufin 29 ga Maris 2006 wanda ya ratsa Gana da Togo da Benin da Nijeriya da Nijar da Chadi, mujallun sukan nanata gargaɗi ɗaya: kallon rana kai tsaye, musamman ta cikin madubin hangen nesa, yana iya makantar da mutum.

Ta fuskar fassara kuma, Hausa ba ta zo hannu rabbana ba. Tana da Zara da Gamzaki, waɗanda a ilimin falaki duniya ɗaya ce, wani lokaci ta fito da yamma, wani lokaci da asuba. Tana da Kaza da 'Ya'yanta, da kusufi, da tauraruwa mai wutsiya. Mai fassara nagari yakan fara neman kalmar gida kafin ya yi aro.

7.10 Halin da Suke Ciki a Yau

Zuwan intanet da wayar hannu ya taɓa kasuwar waɗannan mujallu, domin yanzu manhaja tana nuna taswirar sama ta duk inda mutum yake. Wasu sun daina fita, wasu sun sauya hannu. A 2019, bayan kamfanin da ke buga Sky & Telescope ya karye, Ƙungiyar Masana Falaki ta Amurka ta saye ta. A 2024 kuma kamfanin Kalmbach ya sayar da Astronomy ga kamfanin Firecrown. Abin da ya rage musu wanda manhaja ba ta bayarwa shi ne aikin edita: zaɓe, da tantancewa, da bayani.

7.11 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa mujallun masu sha'awar taurari gada ce tsakanin masana da sauran jama'a, kuma rubutunsu yana fuskantar jarrabawar da ba kowane rubutu ke fuskanta ba, tun da mai karatu zai fita waje ya duba. Wannan ya tilasta wa marubutansu haɗa sauƙin harshe da daidaiton bayani. Malamin Hausa da zai rubuta ko ya fassara kimiyya domin ɗalibansa yana bukatar duka biyun.

7.12 Tambayoyi

1. Bambance tsakanin ilimin falaki da ilimin taurari na duba.
2. Kawo mujallu huɗu tare da ƙasashensu da shekarun da suka fara fita.
3. Me ya sa taswirar sama take canzawa daga wata zuwa wata?
4. Wane darasi marubuci zai koya daga labarin shuɗin wata?
5. Tambayi dattawan garinku sunayen taurari biyar da lokutan fitowarsu, sannan ka rubuta bayani mai kalmomi 200 a kan ɗaya daga cikinsu.