Hoton Shamuwa da Waya: A Ɗauka Tukuna, a Yanke Daga Baya

Da damina ta ƙarato, shamuwa kan dawo bishiyoyin Jahun, balbela kuma na bin shanu a fadama. Matsalar mai waya ita ce nisa. In ya matsa, tsuntsu ya tashi; in ya jawo hoton da yatsu, ya dushe, domin yawancin wayoyi buɗa ɗigon hoto kawai suke yi.

Gara a ɗauka yadda yake, a yanke daga baya. Hoto mai megapiksel 12 faɗinsa ɗigo 4000 ne. Ko an zubar da rabi, sauran ya ishi Instagram.

A wajen yankan dabarar take. Ba dole tsuntsu ya zauna a tsakiya ba: a tura shi gefe, a bar masa fili ta inda yake kallo. Dab da magariba, in an taɓa sararin sama a fuskar wayar, haske zai ragu, shamuwa ta koma baƙar inuwa a kan jan gajimare. Wani lokacin ma inuwar balbela a ruwa ta fi ita kanta kyau, sai a bar inuwar kaɗai. Sai dai kada yankan ya bi ta wuya ko gwiwa, tsuntsun zai fito kamar an gutsure shi.