Ku Tambayi Tsofaffi Tun Suna Raye

Kowane gida yana da tambayoyin da yara ba su san amsarsu ba. Me ya sa kakanninmu suka bar kufai a kan dutse suka sauko fili? Ina ƙanen kakanmu ya tafi da bai sake dawowa ba? Yaya gonar da ke bakin rafi ta shigo hannunmu? Yawancin waɗannan abubuwa ba a rubuce suke ba, suna cikin kan tsofaffi. Ranar da tsohon ya rasu, amsar ta tafi tare da shi, sai a bar 'ya'ya da jikoki suna gardama a gaban mai gari.

A cikin Joshuwa sura 4, an kafa duwatsu goma sha biyu bayan haye Urdun domin yara su gani su yi tambaya, iyaye kuma su ba su labari. Wannan darasi zai taimake mu mu yi irin wannan tambaya a gidajenmu.

Yadda za a fara

Ku fara da wanda ya fi kowa tsufa. Kada ku manta da mata. Gwaggo da kaka sukan san zancen aure, haihuwa da mutuwar yara fiye da maza. Jika ya fi ɗa samun labari, domin akwai wasa tsakanin jika da kaka, ba kunya kamar ta ɗan fari.

Ku je da yamma bayan an taso daga gona. Ku gaisa sosai, ku faɗi dalilin zuwanku, ku nemi izini kafin ku rubuta ko ku ɗauki murya a waya. Tambaya mai buɗe baki ta fi amfani: "Kaka, ki ba ni labarin gidan da kika tashi." Idan ta yi shiru, ku jira. Sau da yawa babban zance yana zuwa bayan shirun.

Mayar da labari zuwa shekara

Tsoho ba zai ce an haife shi a shekara kaza ba. Zai ce an yaye shi shekarar da aka kwashi sojoji. Aikinku shi ne ku gane abin da ya faru, ku nemo shekararsa. Ga wasu da za su taimaka a arewacin Nijeriya:

• 1914: babbar yunwar da ake kira Kakalaba
• 1918: annobar mura da ta kashe mutane da yawa
• 1932: fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa
• 1942 zuwa 1944: kwasar mutane aikin kuza na tilas a ƙasar Jos
• 1943 zuwa 1945: sojojinmu a yaƙin Boma
• 1956: zuwan Sarauniyar Ingila
• 1960: samun mulkin kai
• 1967 zuwa 1970: yaƙin basasa
• 1972: komawar motoci hannun dama
• 1973: naira ta maye gurbin fam, an kuma yi babban fari
• 1976: fara makarantar firamare kyauta, wato UPE

A yi hankali da abin da ya faru fiye da sau ɗaya. Idan Baba ya ce an ba shi gonar shekarar canjin kuɗi, ku tambaya: lokacin da aka bar fam da sule ne, ko lokacin da aka sauya launin naira a 1984? Tsakaninsu shekara goma sha ɗaya ce, kuma wannan kaɗai yana iya raba gardamar gona.

Sunaye ma suna ba da labari

Gambo shi ne wanda ya biyo tagwaye. Idan akwai Gambo a zuriyarku amma ba wanda ya san tagwayen, to ku tambaya. Tanko namiji ne da ya biyo mata, Kande kuma mace ce da ta biyo maza. Ajuji suna ne da ake ba ɗan da aka haifa bayan yara sun yi ta mutuwa.

Irin wannan labari yana iya ceton rai yau. Idan kaka ta ce yaranta sun yi ta rasuwa da ciwon ƙashi, kumburin hannu da ƙafa da ƙarancin jini, mai yiwuwa sikila ce, ko da a lokacin an ɗora wa mayu laifi. Idan miji da mata duka AS ne, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS. Sai matasan gidan su je asibiti gwajin jini kafin a kai kayan aure.

Tabbatar da abin da aka ji

Tsoho yana iya mantuwa, yana kuma iya gyara labari don kare sunan gida. Ku ji daga bakin mutum biyu ko uku, kowa shi kaɗai. Ku duba littafin baftisma da na aure a ikilisiya, tsoffin rasit na haraji, takardar sallama daga soja, da sunayen da aka rubuta a bangon Littafi Mai Tsarki na gida. A zancen gona, ku taka iyaka da tsohon tare da maƙwabcin gonar, ya nuna tsamiya ko layin gamba da aka kafa, a rubuta a gaban shaidu.

Idan labarin mai ɗaci ne

Wani zai tarar kakansa bawa ne da aka kamo a yaƙi, domin sai a 1936 doka ta hana bauta ɗungum a Arewa. Wani zai ji an kori kakarsa daga gida saboda ta bi masu bishara. Asalin Yesu a Matiyu sura 1 bai ɓoye Tamar da Rahab ba, haka ma Rut baƙuwa daga Mowab. Kada mu raina kowa saboda asalinsa. Abin da tsoho ya ce amana ce, a riƙe ta. Abin da zai iya ta da husuma, a kai wa fasto da dattawa tukuna.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Su wane ne mutum biyar mafi tsufa a ikilisiyarmu, wa zai ziyarci kowannensu a wannan wata?
2. Waɗanne abubuwa ne suka faru a ƙauyenmu da za mu ƙara a jerin shekarun nan?
3. Wace gardama ce a tsakaninmu da shaidar tsoho za ta iya kashewa?
4. A ina za mu ajiye abin da muka rubuta don kada gara ko gobara su ci shi?