Amsoshin Tambayoyinku: Wanda aka cire wa akwatin murya zai sake magana?

Wata mai sauraronmu daga Zariya ta ce an yi wa mahaifinta aikin ciwon dajin maƙogwaro, an cire masa akwatin murya. Tana tambaya ko zai sake magana, kuma wa zai koya masa.

To Malama, Allah Ya ba Baba lafiya. Da yawa suna sake magana, ta hanyoyi uku. Akwai masu koyon tura iska cikin bututun abinci su fito da ita ta zama sauti. Akwai ƙaramar na'ura mai batir da ake dangwalawa a wuya. Sai kuma ɗan bawul da likita ke sanyawa tsakanin bututun numfashi da na abinci, dabarar da wasu ƙwararru biyu, Singer da Blom, suka fito da ita a Amurka a 1980.

Mai koyar da waɗannan shi ne ƙwararren mai gyaran magana, kuma shi ke duba matsalar haɗiya da gashin cutar kan haddasa. A Ingila, cikin ayarin masu kula da majinyacin yake, yana ganinsa tun kafin tiyata. Inda ake samun cikas shi ne idan an yi aiki a wannan asibiti, gashi a wancan, sannan aka koma gida ba wanda ya miƙa wa wani bayani.

Don haka ki nemi likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya rubuta muku takardar turawa zuwa ga mai gyaran magana, ku kuma riƙa tafiya da bayanan aikin duk asibitin da za ku.